Kwikwiyon Tsintuwa Ma Amana Ne

A wasu ƙasashe, kamar Ingila, akwai gidaje musamman da ake tara karnukan da ba su da mai su, har a sami wanda zai ɗauka. Ɗaya daga cikinsu, na Batasi da ke birnin Landan, tun shekarar 1860 aka kafa shi. Mu nan Jibiya gidan marayun kare shi ne bola, da gindin manyan motocin da ke jiran a duba su a Magama. Daga can yara kan tsinto kwikwiyo su kawo gida don sha'awa, bayan mako guda an gaji da shi, sai a kore shi da jifa. Wannan ɗabi'a ce nake so mu duba, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. A ganina, ko dai mutum ya bar kwikwiyo inda ya gan shi, ko kuwa in ya ɗauka ya riƙe shi riƙon gaskiya.

Na san abin da wani zai fara cewa, wai kare ƙazanta ne, ba ya zama gidan Musulmi. Kakarmu ma haka ta ce ran da ƙanena ya shigo da wani ɗan ja, duk haƙarƙari a waje. Cewa ta yi, "Kai ɗan nan, fitar mini da shi kafin in idar da alwala!" Da Baba ya dawo sai ya ce a tambayi malam. Malam ya bayyana mana cewa addini ya yarda a ajiye kare don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona, kuma a mazhabar Imamu Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Ya kuma tuna mana da mutumin nan da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Baba ya yanke hukunci: zai zauna, amma a bayan gida wajen turken awaki, ba ɗaki ba zaure. Muka sa masa suna Tsintau.

To, a nan ne aikin yake, kuma a nan ne yawancin yara ke kasawa. Daren farko da na biyu kwikwiyo kuka zai yi ta yi, don ya saba kwana jikin uwarsa. Duka ba ya hana shi. Tsohon buhu muka shimfiɗa masa cikin kwali, inda iska ba ta bugawa, a dare na huɗu ya yi shiru. Abincinsa koko ne mai ɗumi da ɗumamen tuwo, kaɗan kaɗan sau uku ko huɗu a yini, a kaskonsa na kansa wanda ba a haɗa shi da kwanonin gida. Ba a ba shi ƙashin kaza, don yakan tsage ya soke shi, albasa kuwa guba ce a gare shi. Sai cire kaska, da maganin tsutsar ciki. Wajen mako uku ya yi yana ɓuya bayan randa in ya ji motsi, alamar ya sha jifa kafin ya zo hannunmu. Yanzu kuwa ya san muryar kowa a gidan. Abin dariya ma, Kaka ce ke tambaya ko an zuba masa ruwa, ko da yake har gobe ba ta yarda ya matso kusa da buzunta.

Amma babban dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'inmu da ƙannenmu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Alhali kuwa rigakafinsa ya daɗe, tun 1885 wani Bafaranshe mai suna Luwi Fasto ya fara yi wa wani yaro allurar ya tsira. A ƙasarmu ma akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo da ya kai wata 3, sa'an nan a riƙa sabuntawa yadda malamin dabbobi ya faɗa. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa.

Mu mutanen bakin iyaka wannan magana ta fi shafarmu. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, motoci suka tsaya cik, amma ban ji an tare kare ko ɗaya tsakanin Ɗan Isa da Magama an tambaye shi takarda ba. Ga kuma ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, mutane sun gudo gari da abin da suka iya ɗauka, karnukansu sun watsu suna haihuwa a jeji da bola. Karen da aka kora daga gida cikin waɗannan yake shiga, ya yi faɗa da su, gobe ya dawo ƙofar gidan da ya sani, inda yara ke wasa. Ashe ke nan mai korar kwikwiyo bai rabu da shi ba.

Don haka wanda ya tsinci kwikwiyo kada ya bar ƙananan yara su yi wasa da shi sai malamin dabbobi ya gan shi, don ƙaramin kare ma yana ɗaukar ciwon. In kuwa cizo ya auku, ko da ƙarzuna ce, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran maganin gargajiya. Karen kuma in na gida ne a ɗaure shi kwana 10 ana lura da shi.

Ina roƙon shugaban makarantarmu, Allah ya ƙara masa lafiya, da ya gayyato mana malamin dabbobi ran 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da wannan ciwo. Kowane ɗalibi mai kare a gidansu ya zo da shi a igiya bayan an tashi, a yi masa allura a filin ƙwallo. Ni da ƙanena mun ɗauki nauyin rubuta sunayen unguwanni.