Ba a Cinikin Biri a Sama

Ran 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da dama ba su iya ɗaukar Windows 11. Duk ma'aikatar da ke da irinsu, a Magariya ko a Dungas, ba dole ba ne ta zubar da su. Akwai Linux, tsarin da Linus Torvalds ya ƙago a Finlanda a 1991, wanda kowa ke da izinin ɗauka da gyarawa ba tare da biyan ko dala ba. Muna goyon bayan wannan hanya, domin tattalin dukiyar ƙasa wajibi ne.

Amma akwai wani tarko. Aikin shimfiɗa zaren intanet na ratsa Sahara ya ƙunshi hanyar Damagaram zuwa Magariya har iyakar Najeriya. To, ko da intanet ta iso ƙofar ofis, sai kwamfuta tana da ƴar na'urar kama wifi kafin ta amfana, in ba a haɗa ta da waya ba. Kowace irin wannan na'ura tana da ƙwaya a cikinta, kuma ƙwayar tana bukatar wani ɗan shiri da zai yi mata tafinta da kwamfutar. In tafintan yana cikin Linux, da an soka na'urar sai aiki. In babu shi, sai an ɗauko shi daga intanet. Yaya malamin da ke ƙauye zai ɗauko shi, tunda na'urar da za ta kai shi intanet ɗin ita ce ta ƙi tashi?

Sunan da ke bisa kwali ba shi ne abin dubawa ba. Ga misali: TP-Link TL-WN722N samfurin farko yana da ƙwayar Atheros, wadda Linux ya daɗe da saninta, samfuri na 2 da na 3 kuwa ƙwayar Realtek gare su. Suna ɗaya, ciki daban. Galibi ƙwayoyin Intel da Atheros da MediaTek suna tashi ba wahala, wasu na Broadcom da Realtek kuwa sai an nemo masu tafinta. Ɗan kasuwar da ya sari kaya a Kano ko Maigatari ba lalle ne ya san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Nauyin yana kan mai saye.

Saboda haka muna kira ga magadan gari da shugabannin makarantu da na gidajen likita da su kiyaye abu uku. Na ɗaya, a rubuta sunan ƙwaya cikin takardar odar kaya, da sharaɗin cewa tana aiki da Linux. Na biyu, a gwada guda ɗaya kafin a sayi goma: a tada kwamfuta da Ubuntu daga kile USB, a soka na'urar, a rubuta lsusb don ganin ƙwayarta, a tabbata ta kama wifi. Na uku, kada a sa hannu ga takardar biya sai an yi gwajin nan gaban shaidu.

Ya ku ƴan'uwa da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ku ma kuna da hakkin tambaya, don kuɗin nan harajinku ne. Na'urar da aka kulle cikin akwati domin ta ƙi aiki asara ce ga talakawa baki ɗaya. Allah shi ba mu ikon riƙon amana.