Ɗan Ci-rani Ba Abin Dariya Ba Ne

Yau da masu alƙalami nake, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Wai shin har yaushe za a daina mai da ɗan ci-rani abin ba'a a littattafanmu? Kullum shi ne baƙauye mai buhu a ka, wanda ya shigo birni yana ƙauyanci. In kuma ya dawo gida ya yi shiru, ba ya ci, ba ya barci, sai marubuci ya ce kishiyar uwa ce ta yi masa sammu, a kira boka a shafi na gaba. Wallahi wannan lalaci ne.

Ku je Ajingi, ku shiga Toranke ko Balare ku tambaya. A da, namiji kan tafi bayan an kai amfani rumbu, ya dawo da ruwan fari ya riƙe fartanya. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Yanzu damina ta zama ba a san gabanta ba: ta makara, ta ɗauke ana tsakiyar shuka, ko ta sauko da ƙarfi kamar a 2022, lokacin da ambaliya ta rushe gidaje a Ajingi ta kuma cinye gonaki a Jigawa. Wanda gero ya ƙi masa, me zai dawo ya tarar? Sai ci-rani ya koma ci-shekara.

Can ma babu sauƙi. Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, Legas ta hana a manyan unguwanninta a watan Yunin 2022. Yaro yana kwana a rumfar kasuwa a Agege, gida ana ta waya a aiko kuɗin taki. An yi sunan ɗansa bai zo ba, an binne mahaifinsa bai gani ba. Gayyar noma da ke haɗa samari ta watse, majalisar ƙofar gida ta zama ta tsofaffi. Wa zai faɗa wa damuwarsa?

Masu cewa Bahaushe bai san ciwon damuwa ba, ƙarancin tawakkali ne kawai, ina tambayarsu: mai zazzaɓi in ya sha magani ya bar tawakkali ne? Addu'a wajibi ce, neman magani ma haka. Asibitin Dawanau yana nan Kano, kuma tun Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Amma in an ce wa mutum ya je Dawanau, zagi yake ji, kuma littattafan da ke kiran kowane marar lafiya mahaukaci suna da kaso a wannan.

Ku rubuta shi a matsayin mutum mai uwa da mata da bashi. Ku kuma masu ɗan uwa a Kudu, in kun kira, ku fara tambayar lafiyarsa kafin ku tambayi saƙo.

Allah Ya sa mu dace, amin.