Ra'ayi: Batirin makullin mota na iya kwanar da mutum a daji a jihar Diffa

A kakar tattasai da ta wuce na raka wani aminina ɗan kasuwa zuwa wani ƙauye a bakin kogin Komadugu, gabas da garin Diffa. Muka gama ciniki bayan la'asar, muka nufi mota domin mu isa gari kafin rana ta faɗi. Ya danna rimot, shiru. Ya sake dannawa, ya buga shi a tafin hannu, ƙofa ta ƙi buɗewa. Duk ɗan yankin ya san hatsarin magariba ta riski baƙo a can da kuɗi a aljihu.

Har an fara shawarar fasa gilashi, sai wani yaron gareji da ya zo ganin gida ya ce: "Alhaji, ba ni makullin in gani." Ya matsa wani ɗan maɓalli a gefen rimot ɗin, ya zaro siririn makullin ƙarfe, ya buɗe ƙofa. Ya taka birki, ya manna rimot a jikin maɓallin tayar da mota, ya danna, inji ya kama. Shekara uku Alhaji yana tuƙa motar nan bai san akwai wani makulli a cikin makullinsa ba. Washegari ya sayi sabon batir a kan jika guda.

Tun ranar nake ganin cewa muna sayen motocin zamani amma ba ma sayen sanin da ke tafe da su. A Yamai wannan jahilci ɓata lokaci kawai zai jawo. A jihar Diffa yana iya jawo abin da ya fi haka.

Tun bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, jama'a suka ƙara dogara da mota wajen kai tattasai kasuwa da kai mara lafiya asibiti. Daga Diffa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300, zuwa Damagaram ya haura 400, zuwa N'guigmi kusan 130. Da aka rufe iyaka da Benin a 2023, hanyar Kwatano da motoci da kayan gyaransu suka saba bi ta toshe. Idan makulli ya lalace, sai an nemo mai kwamfutar da zai haɗa sabo da motar, kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Ga shi yawancin motocin hannu da makulli ɗaya tak suke iso mana.

Alhali abin da ya kamata direba ya sani bai taka kara ya karya ba. Batirin rimot ɗan faifai ne kamar maɓallin riga, ƙarfinsa bolt 3. Lambar da ke bayansa girmansa take faɗa: CR2032 na nufin faɗin milimita 20 da kaurin 3.2, CR2025 kuma kaurinsa 2.5, CR2016 na da 1.6. Shi ya sa wani zai shiga gurbin wani amma ya yi sako-sako ko ya mutu da wuri. Yawanci yakan yi shekara biyu zuwa huɗu, kuma ba ya mutuwa ba sallama. Da farko sai ka matso kusa kafin mota ta amsa, sannan sai ka danna sau biyu ko uku, wasu motocin har gargaɗi suke nunawa a gaban direba.

Canza shi ba ya buƙatar gareji. A zare makullin ƙarfen, a sa bakinsa ko ƙaramin sukudireba a tsagin da ke gefe, a murɗa a hankali, rimot ya rabe biyu. A duba lambar tsohon batir da inda alamar + ke kallo, a sa sabo daidai yadda aka tarar, a rufe. A mafi yawan motoci ba sai an sake saita komai ba. Abin kiyayewa shi ne batiran da ake shanyawa a rana a bakin titi. Zafin watan Afrilu da Mayu a Diffa yana wuce digiri 40, kuma zafi na cinye batir tun yana cikin kwalinsa. A duba ranar ƙarewar wa'adinsa, a saya a shago mai inuwa, a ajiye na ko-ta-kwana a cikin walat, kada a bar shi a gaban mota rana tana dukansa.

Na san abin da wasu tsofaffin direbobi za su ce: a koma wa motocin da, irin su Fijo 504, waɗanda ko makulli ya ɓata maƙeri zai yanka wani. Da gaskiyarsu wajen sauƙin gyara, amma zaɓin ba a hannunmu yake ba. Tun 1998 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta sa na'urar hana sata a sababbin motoci, wadda ba ta barin inji ya tashi sai ta gane makullinta. Motocin da Turai ta gama da su ne ke zuwa mana, kuma kowace shekara masu rimot ƙaruwa suke yi. Tunda ba mu da ikon hana su zuwa, sai mu koyi sha'aninsu.

Akwai kuma abin da ya fi tsayuwar mota muni: inda muke jefa tsohon batir. Yana ƙyalli, yara suna ɗauka su sa a baki. Idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona nama cikin awa biyu, ko da ya daina buɗe mota. Ostireliya ta fara aiki da dokar tsaurara marufin irin waɗannan batira a 2022, Amurka ma ta yi tata dokar a shekarar. Mu kuwa a tsakar gida muke yar da su. A naɗe tsohon da salatif a ɓoye nesa da yara. In yaro ya haɗiye, a garzaya asibiti nan take, kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama. Ga iyalin da ke ƙauyen bakin Komadugu, awa biyu tana iya ƙarewa a kan hanya.

Don haka ina kira ga dillalan motoci su daina miƙa mota ba tare da sun nuna wa mai saye makullin ɓoye da yadda ake tayar da ita in batir ya mutu ba, mai saye kuma ya nemi makulli na biyu tun a wurin ciniki. Makarantun koyon tuƙi da sandikar direbobi su ware ko da minti goma domin wannan darasi. Gidajen rediyon jihar su faɗe shi da Barbarci da Hausa da Fillanci.

Kai kuma mai mota, yau ɗin nan ka ciro makullinka ka nemo ɗan maɓallin gefen, ka gwada buɗe ƙofa da ƙarfen a ƙofar gidanka da rana tsaka. Hausawa suka ce raina kama ka ga gayya, kuma ba kullum ba ne yaron gareji zai zo ganin gida ranar da ka maƙale.