Kada Manhajar Fitila Ta Ruɗe Ka: Murjani Bai San Wat Ba, Haske Ya Sani

Kwanakin baya wani abokina da ke zaune a Legas ya turo min hoton tankin gilashinsa na ruwan gishiri, mai zurfin santimita 75, cike da murjani mai rai. Ya sayi fitilar LED mai manhaja, yana iya sauya launinta daga waya, har da kwaikwayon walƙiya da hasken farin wata. Tambayarsa guda ce: me ya sa murjanin da ke ƙasan tanki yake dusashewa yana komawa ruwan ƙasa, alhali fitilar tana da ƙarfi har tana kashe ido?

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Mafi yawan masu sayen irin wannan fitila suna kallon abin da ke kan allon waya ne, su manta da abin da yake isa ƙasan ruwa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan tarkon, domin kyakkyawan allo ba ya nuna cewa aikin da ke bayansa yana tafiya daidai.

Da farko dai, murjani dabba ne, ba dutse ko tsiro ba. A cikin jikinsa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ake kira zooxanthellae, waɗanda suke sarrafa haske su samar da abinci kamar yadda ganye yake yi, murjanin kuma ya ci daga ciki. Idan haske ya yi ƙaranci, murjani yakan yi duhu, girmansa ya tsaya. Idan kuma ya yi yawa kwatsam, sai ya fitar da waɗannan halittu ya koma fari fat, daga nan mutuwa ba ta da nisa.

Abin da ake aunawa a nan shi ne PAR, wato adadin hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 da ke sauka a kan murabba'in mita a kowace daƙiƙa. Wat yana gaya maka wutar da fitila take sha ne kawai. Lumen kuma an gina shi a kan idon ɗan Adam, wanda ya fi ganin kore a wajen nanomita 555, shuɗi kuwa yana ganinsa a dishi-dishi. Ga shi kuma shuɗin haske, na wajen nanomita 450, shi ne ya fi shiga cikin ruwa, ja shi ne yake fara ɓacewa. Saboda haka manhajar auna haske da ke wayarka, wadda take amfani da ɗan sensan da ke saman allo, za ta ba ka lamba ƙarama a ƙarƙashin shuɗiyar fitilar da take iya ƙona murjani. Wayar an yi ta ne don daidaita hasken allo, ba don kiwon halittun teku ba.

Masu wannan sha'awa sun daɗe da wani ƙiyasi: murjani mai laushi yana jin daɗi a PAR kamar 50 zuwa 150, masu ƙashin dutse irin su Acropora kuma suna neman kamar 200 zuwa 350. A tankin da zurfinsa ya wuce santimita 60, saman ruwa yana iya samun haske mai yawa ƙasa kuma ya kasance cikin yunwa. Maganin ba ƙure fitila zuwa ɗari bisa ɗari ba ne, don na sama za su ƙone kafin na ƙasa su ƙoshi.

Abubuwa uku na ba abokina shawara a kai. Na ɗaya, ya ari ko ya yi hayar na'urar auna PAR da ake nutsawa cikin ruwa, irin wadda kamfanin Apogee yake ƙerawa, ya auna wuri-wuri ya rubuta. Na biyu, fitila biyu ko uku masu matsakaicin ƙarfi sun fi guda ɗaya mai ƙarfi, domin suna rage inuwa, gilashin da ke tattara haske ya matse shi kuma yana taimaka wa hasken ya kai ƙasa. Na uku, ya jera duwatsu hawa-hawa, masu son haske a sama, masu son inuwa a ƙasa. Sannan ya riƙa goge gishirin da ke bushewa a kan murfi, ya tsaftace ruwa, don ruwan da ya yi rawaya yana cinye shuɗin haske.

Wani zai ce, to ai manhajar ma tana da amfani. Haka ne, kuma ba na musu. Fitilu irin su Radion da Kessil suna ba ka damar tsara haske ya tashi a hankali da safe ya sauka da yamma, awa 8 zuwa 12 a rana, ka kuma riƙa ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan cikin makonni idan ka kawo sabon murjani. Wannan aikin ko da ɗan allon ESP32 za ka iya yinsa da kanka. Amfanin manhaja shi ne ta riƙe tsari ɗaya kullum. Wanda yake sauya launi duk lokacin da baƙi suka zo, wahalar da dabbobinsa yake yi.

Akwai kuma abin da bidiyon YouTube na Amurka ba ya faɗa mana. A nan, wuta tana ɗaukewa, zafi kuma yana da yawa, ruwan murjani kuwa yana son ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 27. Murjani zai iya jure kwana ɗaya babu fitila, amma idan famfon da ke motsa ruwa ya tsaya na awoyi, iskar shaƙa takan ƙare a tanki. Don haka kafin ka zuba kuɗi a fitila mai tsada, fara da inbata da batir, da hanyar sanyaya ruwa. Idan ba za ka iya tanadar waɗannan ba, gara ka dakata, domin halittu masu rai ne za su biya kuɗin gaggawarka.

Abokina dai ya samo na'urar awo. Ya rage ƙarfin fitilarsa, ya ƙara ta biyu a gefe, ya ɗaga murjanin da ya dusashe zuwa tsakiyar duwatsu. Yanzu sai jira, domin murjani yakan ɗauki makonni kafin ya nuna ko ya yarda da sabon wuri.