Ana bibiyar hadarin Boɗinga da Shagari daga Miami, wayoyin garin kuma na nuna hoton rana

A watan Agusta, idan hadari ya taso daga gabas ya zubar da ruwa a Boɗinga da Shagari cikin dare, da safe zancensa ya ƙare a wurin mutanen gari, sai dai a duba katangar da ta faɗi da kwanon rufin da iska ta yaye. A birnin Miami na Amurka kuwa, mai nisan kusan kilomita 9,000, a lokacin ne wasu ke fara sa masa ido. Bayan kwana uku ko huɗu, iskar da ta goyo hadarin za ta fita ta gaɓar Senegal ko Gini ta faɗa tekun Atlantika, kuma Cibiyar Lura da Guguwa ta Amurka za ta iya ɗora mata alama a taswira, ta rubuta kashi nawa cikin ɗari take ganin za ta rikiɗe ta zama mahaukaciyar guguwa. Manomin da ruwan ya wanke wa taki a Sifawa kuwa babu wanda ya ba shi ko sanarwar awa ɗaya.

Abin da ake bibiya shi ne igiyar iskar gabas. A damina, Sahara da ke arewa tana da zafi da bushewa, kudu wajen tekun Gini kuma akwai sanyi da laima. Wannan bambanci yana haifar da iska mai ƙarfi da ke kwarara daga gabas zuwa yamma a tsayin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa. Iskar ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take yi kamar igiyar da aka kaɗa, kuma kowace lanƙwasa tana tara gajimare a gefe guda ta bar ɗaya gefen a washe. Yawancinsu suna farawa ne daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Chadi, Nijar da arewacin Najeriya. Kusan 60 ake samu a shekara, ɗaya bayan ɗaya duk kwana 3 zuwa 5. Tsofaffin da ke cewa an yi ruwa shekaranjiya, a jira jibi, wannan zagayen suka daɗe suna lura da shi.

Mafi yawan igiyoyin nan suna mutuwa a teku ba tare da sun yi wa kowa komai ba. Sai ruwan teku ya kai zafin digiri 26 da rabi, sama tana da laima, kuma iskar sama ba ta yayyaga gajimaren ba, kafin ɗaya ta fara juyawa. Amma waɗanda suka rayu su ne manya. Masana sun ƙiyasta kusan kashi 85 cikin ɗari na manyan guguwoyin Atlantika daga irin wannan igiya suke fitowa. Guguwar Irma ta 2017 ta bar gaɓar Afirka a ƙarshen Agusta tana tarin gajimare kawai, ranar 6 ga Satumba ta ragargaza tsibirin Barbuda, ranar 10 ga wata ta isa Florida. Shi ya sa cibiyar Miami ke fitar da rahoto sau huɗu a rana daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Nuwamba, da taswira mai launin rawaya, ruwan lemo da ja, gwargwadon ƙarfin yiwuwar guguwa cikin kwana 2 da kwana 7. Kyauta ne, kuma kowace waya mai intanet tana buɗe shi.

Akwai gyara ɗaya da ya kamata a yi tun nan. Duk shekara sai an ga bidiyon guguwar Amurka ko ta Filifin yana yawo a WhatsApp da rubutun cewa ta nufo Najeriya, a tura wa 'yan uwa. Irin wannan guguwa ba za ta zo Sakkwato ba. Ruwan teku mai ɗumi ne abincinta, tana hawa tudu take fara raunana, kuma hanyarta yamma ce, nesa da nan. Abin da ke rushe gidajen ƙasa a Danchadi ko Kajiji wani abu ne daban: jerin hadari ne mai tsawon ɗaruruwan kilomita, wanda ƙura da iska ke riga shi isowa, kuma shi ke kawo mafi yawan ruwan da Sahel ke samu a shekara. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna mafi tsananin irin wannan hadari ya ninka sau uku a Sahel tun daga 1982.

To me ya sa manhajar yanayi da ta zo da wayar mutum take nuna hoton rana alhali gabas ta yi baƙi ƙirin? Manhajar ba ta ganin sararin Boɗinga. Lissafi take ɗaukowa daga manyan kwamfutocin Turai ko Amurka, waɗanda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida mai faɗin kilomita 9 zuwa sama, su yi hasashe daga ma'aunan da aka ba su. Ma'aunan kuwa su ne babu a nan. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2023 ya ce Amurka da Tarayyar Turai suna da tashoshin rada na yanayi 636, Afirka gaba ɗayanta 37. Masana a Karlsruhe ta Jamus sun gwada hasashen ruwan sama na manyan cibiyoyin duniya a arewacin Afirka mai zafi, suka wallafa a 2018 cewa da ƙyar yake wuce abin da mutum zai samu idan ya duba tarihin ruwan shekarun baya kawai. Wato adadin nan na kashi 40 ko 70 da waya ke nunawa a kan gobe, a wannan yanki bai cancanci a zuba taki a kansa ba.

Abin da ya cancanci a dogara da shi yana nan, mutane ne ba su saba da shi ba: hoton tauraron ɗan'adam. Taurarin Meteosat na hukumar Turai EUMETSAT suna tsaye ne saman tekun Gini, don haka Najeriya tana cikin wuraren da suka fi gani sarai. Wanda aka harba a Disambar 2022 yana ɗaukar hoto duk minti 10, har da na'urar ganin walƙiya. Manhajoji irin su Windy da Zoom Earth suna nuna hotunan Meteosat, kuma akwai nau'in da ke auna sanyin saman gajimare, wanda ke aiki har cikin dare. Gwargwadon sanyin saman gajimare, gwargwadon tsayinsa da ƙarfinsa.

Karanta shi bai kai wahalar koyon sabon wasan waya ba. Mutum ya nemo Shagari a taswira, ya dubi gabas, ya kunna motsin hotunan awa biyu da suka wuce. Jerin hadari yakan yi tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa. Daga Gusau zuwa Shagari a miƙe bai kai kilomita 200 ba, saboda haka dunƙulen da ke kan Gusau da la'asar yana iya isowa bayan isha'i. Wanda ya kai Talata Mafara saura kamar awa biyu. Ba kullum lissafin ke fita daidai ba, domin hadari yana iya mutuwa a hanya, ko ya karkata kudu, ko sabo ya haɗu a saman gari ba tare da ya zo daga ko'ina ba. Duk da haka awa biyu sun isa a kwashe shanyar gero, a fasa feshin da ruwa zai wanke, a fitar da yara daga ɗakin da katangarsa ta jiƙe, a ɗaure kwale-kwale.

Batun kwale-kwale ba ƙarami ba ne a Shagari. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a ruwa kusa da ƙauyen Gidan Magana, yawancinsu matasa da suka fita neman itace. Wannan ya faru ne tun damina ba ta kankama ba, amma ya nuna yawan rayukan da ake ɗora wa jirgi ɗaya a yankin. Irin wannan jirgin ne ke kan ruwa a Agusta lokacin da iskar hadari ke isowa cikin 'yan mintoci.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne, kuma yana da gaskiya. NiMet ita ce hukumar da doka ta ba hasashen yanayi a Najeriya. Tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, tana fitar da na kwana uku, tana da ma'auni a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Boɗinga. Hukumar NIHSA ma tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara. A Yamai akwai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke yi wa yankin wannan aiki. Matsalar tana wurin isarwa. Sanarwar da ta ce ana sa ran tsawa a sassan jihohin Sakkwato, Kebbi da Zamfara gaskiya ce, amma mai gona a Dandin Mahe ba zai yanke shawara da ita ba, kuma sau da yawa a shafin X ko Facebook take tsayawa, da Turanci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2027 na ganin gargaɗin gaggawa ya isa ga kowa a duniya. Idan ana jiran wannan ya sauko daga sama har Horo Birni, za a daɗe.

A nan ne matasan da ke riƙe da wayoyi suke da abin yi, kuma matakin farko bai buƙatar rubuta ko layi ɗaya na manhaja. Mutum biyu ko uku a kowace gunduma da suka iya karanta hoton tauraro, da zauren WhatsApp guda, da saƙon murya na daƙiƙa 20 da Hausa, sun wadatar. Saƙon murya ya fi rubutu domin ana iya kunna shi a majalisa kowa ya ji, kuma mai babbar waya yana iya kiran mai ƙaramar waya mai madannai ya faɗa masa. Masu koyon rubuta manhaja kuma, maimakon su sake ƙera wata manhajar sayar da data, wadda kasuwarta ta riga ta cika, ga aikin da babu wanda ya yi wa yankin: ƙaramin tsari da zai riƙa duba gajimaren da ke gabas da wani gari ya tura saƙon tes idan ya matso. Shafuka irin su Open-Meteo suna ba da bayanan yanayi kyauta ga wanda ba kasuwanci zai yi da su ba, kodayake nasu hasashen kwamfuta ne mai raunin da aka ambata, don haka hoton tauraro ne ya kamata ya zama ginshiƙi.

Haɗarin da ke cikin wannan shi ne neman suna. Wanda ya yi ihun hadari sau uku ba a ga ruwa ba, ranar da ya faɗi gaskiya babu mai sauraronsa, kuma ya ɓata wa sauran. Mai tura saƙo ya faɗi abin da ya gani da inda ya gan shi da lokacin, misali akwai babban hadari a kan Talata Mafara ƙarfe shida, yana tafiya yamma. Kada ya ce za a yi ruwa. Wannan ma yana kawar da ƙorafin masu ganin hasashe shisshigi ne cikin sanin gaibu, domin bai bambanta da wanda ya hau tudu ya hango hadari ya gaya wa na ƙasa ba. Idan NiMet ta fitar da gargaɗi, nata za a sa a gaba, a fassara shi yadda yake.

Sai kuma ma'auni, wanda shi ne aka fi rainawa. Kwalbar auna ruwan sama mai layin milimita ba ta da tsada, kuma kowace makarantar sakandare a ƙananan hukumomin biyu tana iya kafa ɗaya a fili, ɗalibi ya karanta ta kowace safiya ya shigar a Google Sheets. Bayan damina ɗaya za a iya ɗora abin da manhajoji suka yi hasashe kusa da abin da ya zuba a Boɗinga, a ga wacce ta fi kusa da gaskiya da wacce ta kamata a goge daga waya.