Kwamfuta Ta Bebance A Sintali

Kwanakin baya na sami ɗan hutu daga ofis, na tafi gida Jalingo, na sauka a unguwarmu ta Sintali. Ban gama kakkaɓe ƙurar hanya ba sai ga ƙanena ya shigo, fuska a murtuke. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Yaya, kwamfutata ta daina magana, yau kwana huɗu ke nan."

Shi wannan yaro yana da ɗan shago a bakin titi inda ya ke tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a memorin wayoyinsu. Jarinsa kaf kwamfuta ce guda ɗaya ta kan tebur, 'yar hannu, irin waɗanda a ke shigowa da su daga Turai bayan ofisoshin can sun gama cin moriyarsu. Wanda bai san wannan sana'a ba zai ce ai turi ba ya bukatar sauti. Amma mai saye ba ya zaro kuɗinsa sai ya ji da kunnensa cewa waƙar da ya ke nema ita ce za a tura masa, saboda haka cikin kwana huɗun nan ciniki duk ya koma shagon da ke gaba da nasa.

Kafin zuwana ya riga ya kai ta wurin wani mai gyara, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Mai gyaran ya kunna ta, ya ji shiru, nan take ya yanke hukunci: a yi mata fomat, in kuma sauti bai dawo ba to madabod ne ya ƙone, sai a sayi wani. Fomat kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne a share abin da ke cikin rumbun ajiyar kwamfuta a sake ɗora mata Windows daga farko. Ƙanena ba shi da wani rumbu na dabam da zai kwashe kayansa, watau abin da ya shafe shekaru yana tarawa zai tafi cikin rabin sa'a. Wannan ne ya sa ya sungumo kwamfutarsa ya dawo da ita, kuma ni a ganina ya yi hankali. Wannan ɗabi'a ta garzayawa ga fomat ta yaɗu a shagunan gyara na garuruwanmu, har ta zama kamar maganin mai tallan bayan mota, wanda babu cutar da ba ya warkarwa. Sau da yawa kuwa gyaran gangar Abzinawa a ke yi, domin kwamfutoci da dama fomat ɗin ne ma ke ɗauke musu sauti, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Da farko dai ya kamata mu san ta inda sautin ke fitowa. A zamanin da, mai son kwamfutarsa ta yi kiɗa sai ya sayi wani allo na musamman ya soka mata a ciki, irin su Sound Blaster wanda kamfanin Creative na ƙasar Singafo ya fitar a 1989. Daga baya aka mai da aikin kan madabod, watau babban allon nan da komi na cikin kwamfuta ke manne a jikinsa. Kamfanin Intel ya fito da tsarin da a ke kira AC'97 a 1997, sa'an nan a 2004 ya kawo wanda ya gaje shi, HD Audio. Idan ka buɗe kwamfuta ka duba kusurwar allon ta wajen ramukan baya, galibi za ka ga wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba, masu gyara na kiransa ai-si, sau da yawa da hoton ƙaguwa a kansa, alamar kamfanin Realtek na Taiwan. Waƙa takan taso daga manhaja, Windows ta miƙa ta ga wannan ai-si, shi kuma ya tura ta cikin rami, daga rami ta bi waya ta isa sifika. Tamkar ruwan famfo ne. In ruwa bai zo gidanka ba, ba madatsar ruwa za ka fara zuwa ka fasa ba, kan famfonka za ka fara murɗawa.

Da yamma na bi shi shagon. Abin da na fara yi shi ne na zare wayar sifikar daga bayan kwamfuta na soka a wata tsohuwar wayar hannu, sai ga kiɗa ya cika shago. To, sifika da wayarta sun fita daga zargi. Na mai da ita ramin baya, na tabbatar koren rami ne, domin tun ƙarshen shekarun 1990 aka daidaita launukan nan: kore na sifika, mai ruwan hoda na makirfo, shuɗi kuwa na shigar da sauti ne daga wata na'ura. Kada mai karatu ya raina wannan. Bayan kwamfuta wuri ne mai duhu, mutum da lalube ya ke sokawa, kuma ramukan girmansu ɗaya.

Daga nan na ce ya saka waƙa ya bar ta tana tafiya, na buɗe wurin da Windows ke jera na'urorin sauti. A gefen na'urar da ke aiki akwai wasu 'yan korayen sanduna da ke hawa suna sauka daidai da bugun kiɗa. Ina so masu karatu su riƙe wannan, domin shi ne alƙalin da ke raba gardama. In sandunan nan suna motsi, to kwamfuta ta san da ai-sinta, manhajar da ke sarrafa shi tana nan, kiɗa kuma yana fita, sai dai ba ya isa kunnenka. A irin wannan hali fomat ba shi da abin da zai gyara, ko sau goma aka yi shi. Namu sandunan kuwa rawa su ke yi abinsu.

Da a ce ba su motsa ba, ko kuma hoton sifikar da ke ƙasan sikirin yana ɗauke da jar alama, da sai mu nufi wata hanyar. Kowace na'ura da ke cikin kwamfuta tana da 'yar manhajar da ke yi mata tafinta da Windows, ana kiranta direba. Idan aka buɗe Device Manager aka ga alama mai ruwan ɗorawa a jikin na'urar sauti, to direban ne ya ɓace ko bai dace ba, kuma an fi ganin haka jim kaɗan bayan an yi fomat. Waɗanda su ka yi zamani da Windows XP za su tuna wahalar, domin ita ba ta gane HD Audio sai an fara ɗora mata wani ƙarin gyara daga Microsoft, abin da aka huta da shi tun daga Windows Vista. Magani shi ne a duba lambar kwamfutar a jikin akwatinta, a sauko da direban daga shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta, a guji manhajojin nan masu alkawarin sabunta direbobi duka a tashi ɗaya. In kuwa na'urar sautin ba ta ma bayyana a jerin ba sam, sai a leƙa Bayos, watau shafin saiti da a ke shiga da zarar an kunna kwamfuta, ta danna F10 a HP, F2 a Dell, ko Delete a wasu da dama. A can akwai wurin kunna sautin madabod da kashe shi, kuma ba abin mamaki ba ne kwamfutar da ta fito daga wani ofishin Turai ta iso nan an kashe mata shi tun can.

Mu dai tamu matsalar ba nan ta ke ba. Da na ƙura wa jerin ido sai na lura cewa na'urar da sandunan ke rawa a gefenta ba sifika ba ce, hoton abin sawa a kunne ne. Na dubi gaban kwamfutar, babu komi a soke. Na tambayi ƙanena ko ya haɗa ta da talabijin kwanan nan, domin wayar HDMI hoto da sauti ta ke ɗauka tare, kuma Windows takan karkatar da sautin zuwa sikirin ko da ba shi da sifika, sai mutum ya koma ya zaɓi sifikarsa da hannu. Ya ce a'a. Sai na karɓi tocila na haska cikin ramin gaba. Can ciki ga wani ɗan ƙarfe yana ƙyalli.

Ashe bakin iyafis ne ya karye ya maƙale. Masu saye da yawa ba su son jama'a su ji abin da su ke zaɓa, sai su soka iyafis ɗinsu a ramin gaba, a wuni sai a soka a zare ba adadi. Wani ya fizge nasa a karkace, kan ya tsaya a ciki, shi kuwa ya saɓa hularsa ya tafi bai ce uffan ba. A tsarin HD Audio kowane rami yana da ɗan makunni a cikinsa wanda ke sanar da kwamfuta cewa an soka wani abu, ita kuma saboda ladabi sai ta rufe bakin sifikar baya don kada a dami mutane. Kwana huɗu ke nan tana rera waƙa ga guntun ƙarfe.

Mu ka kashe ta, mu ka zare wayar wuta daga bango. Ƙanena ya ɗauko allura, na hana shi, domin allura ƙara tura guntun ciki za ta yi, ta kuma lanƙwasa ƙarafan ramin. Na zare bututun tawada na cikin biro, na tura gindinsa a hankali har ya haɗiye tsinin da ya karye, na jawo. A karo na uku ya biyo. Da mu ka kunna, tun kafin a saka waƙa, sautin buɗewar Windows ya sa yaron shagon maƙwabta ya leƙo.

Ba kullum ne a ke dacewa haka ba. Ƙurar hunturu da tsatsa su ma sukan sa makunnin nan ya maƙale. In ramin gaba ya lalace, ana iya buɗe murfin gefe a zare wayarsa daga madabod, a yawancin kwamfutocin haɗi an rubuta HD AUDIO ko AC'97 a kanta, ko kuma a shiga manhajar Realtek a kashe aikin gane ramin gaba. A nan masu haɗa sabon madabod da tsohon akwati su yi hattara: kawunan wayoyin nan biyu kamarsu ɗaya, duk suna shiga wuri guda, amma aikin ƙafafunsu ya bambanta, kuma wayar AC'97 a kan allon HD Audio takan rikita kwamfuta ta kasa gane ko an soka abu ko ba a soka ba.

Ban ce ai-si ba ya ƙonewa ba. Tsawar damina da wutar lantarki mai dawowa da ƙarfi suna kashe shi. Amma ko ya ƙone, sayen madabod saboda sauti kaɗai ɓarnar kuɗi ce, domin akwai 'yar na'urar sauti mai kama da filas wadda a ke sokawa a ramin USB, tana da ramin sifika da na makirfo, Windows na gane ta da kanta, kuɗinta kuwa bai kai ko kusa da na madabod ba.

Washegari na sa ƙanena ya sayo 'yar wayar ƙari ya soka a ramin gaba kawai lokacin da mai iyafis ya zo, don in za a karya, a karya a cikinta. Na kuma matsa masa ya fara tara kuɗin rumbun ajiya na biyu. Ya ce, "Yaya, ai sai ka fara zuba naka." Na ce sai albashi ya shigo.

Sai mun sadu a mako mai zuwa.