Aikin Rukuni Ba Farillar Kifaya Ba Ne

Tun daga shekarar 2010, da aka kafa jami'a a Tawa, wadda a yau take ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar, 'ya'yan Malbaza da Ƙonni da Illela suka sami sauƙin neman ilmi mai zurfi ba sai sun niƙi gari zuwa Yamai ba; amma akwai wata illa da ta zama ruwan dare a jami'o'in ƙasar nan da na maƙwabta, wadda na ga ya wajaba a dube ta da idon basira, wato irin riƙon da ɗalibai suke yi wa aikin rukuni, musamman abin nan da suke kira ekspoze.

Malami ya ba mutum takwas mas'ala guda su yi bahasi a kanta. A buɗe zauren WhatsApp, a yi sallama, a gaisa, daga nan sai tsit, har daren jajibiri, sa'an nan mutum ɗaya, galibi mai kwamfuta ko wanda ya fi tsoron faɗuwa, ya kwana yana rubutu, sauran kuwa su tara dala ashirin-ashirin ta buga takarda, su aiko da sunayensu a jera a bango. Washegari su tsaya bayansa hannu a harɗe, in malami ya jefo tambaya duk idanu su koma kansa.

Hujjar da ke ƙarƙashin wannan ɗabi'a, ko da ba su furta ba, ita ce ta farillar kifaya, wadda in wasu suka tsayar da ita ta faɗi daga kan saura, kamar sallar jana'iza. Alhali kuwa fahimtar darasi farilla ce ta aini, ba wanda zai ɗauke wa wani. Ko a babin ciniki, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, a Risala da almajiranmu suke karantawa a zaure, bai halatta tarayyar masu sana'a ba sai da sharaɗin su haɗu wuri guda a kan aiki guda ko mai kama da shi. Mai cin rabon tarayyar da bai yi wa gumi ba, ina halaccin makinsa?

Sai dai ban ɗora wa ɗalibai laifin duka ba, domin malamin da yake bai wa takwas maki ɗaya, bai tambayi wa ya yi me ba, shi da kansa ya koya musu cewa lalaci ba shi da hisabi. Manoman karkarar Malbaza ba su yin gayya haka: kowa kunyarsa yake kamawa, makaɗi yana biye da ganga, wanda aka bari a baya kuwa duk gona tana ganinsa. Saboda haka a rage rukuni zuwa mutum huɗu, a rubuta rabon kowa tun ranar farko, a kasa maki biyu, na jama'a da na mutum, kuma, abin da na fi ƙarfafawa, kada rukuni ya zaɓi mai bayani. Malami ya jefa ƙuri'a a cikin aji, wanda ta faɗa wa ya tashi ya kare aikin duka. Masu hazaƙa za su yi gunaguni, don makinsu ya rataya a bakin wani, amma wannan fargaba ce za ta tilasta musu zama su yi muraja'a da raunanan cikinsu kafin ranar.